Ɗaurin kayan gwanjo da aika su: in ba kamfani ko in ci gaba da yi da hannuna?

Tambaya: Ina sayar da tsofaffin kaya ta gwanjon intanet: kyamarori, faya-fayen garmaho, kayan tangaran, fitilu, wani lokaci agogon bango. A wata nakan sayar da guda 30 zuwa 40. Ɗaurin kayan da kai su wurin aikawa ya cinye mini dare da ranakun hutu. Na tuntuɓi wani shago da ke ɗaure kaya ya aika, da wani kamfani mai sito da ke ajiye kaya ya riƙa aikawa a madadina. Kuɗin da suka yanka mini ya tsorata ni. Ya dace in ba su? Ta yaya zan gane ko riba zan ci ko faɗuwa zan yi?

Amsa: Malam, na daɗe a wannan sana'a. Na ɗaure kaya da hannuna har yatsuna suka saba da yankan kwali, na kuma ba wasu sun ɗaure mini, wani lokaci na ji daɗi, wani lokaci na ɗanɗana kuɗata. Shawarata ita ce kada ka yanke wa kayanka hukunci ɗaya, don faifan garmaho da agogon bango ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Akwai kayan da ba wa wani ɗaurinsu asarar kuɗi ce tsagwaronta, akwai kuma waɗanda ɗaure su da kanka kasada ce da ba ta kamace ka ba. Aikinka shi ne ka raba su gida biyu, kuma rabon ba zai yiwu ba sai ka san ta inda kuɗin ke zurarewa. Mafi yawan masu gwanjo idonsu na kan ladan ɗauri, alhali shi ne ƙarami a lissafin. Girman kwali da alhakin kayan in sun fashe, waɗannan su ne ke cin mutum.

Mu fara da abin da ya raba gwanjo da sauran ciniki. Wanda ke sayarwa a kan tsayayyen farashi ya san abin da zai shigo masa, sai ya cusa kuɗin aikawa a ciki. Kai kuwa kuɗin aikawa kake fara rubutawa tun ranar buɗe gwanjo, kuɗin kayan kuma ba ka sanin sa sai an rufe. Masu tayi ba yara ba ne, suna haɗa biyun a ransu. Wanda ya ƙudurta ba zai wuce 100 ba, in ya ga kuɗin aikawa 30 ne, a 70 tayinsa zai tsaya. Saboda haka ko da a rubuce mai saye ne ke biyan ɗauri da jigila, daga aljihunka suke fita. Lambobin da zan yi misali da su ka ɗauke su a kowane irin kuɗi kake ciniki da shi, lissafin ɗaya ne.

Ga kuma la'ada. Tun 2011 dandalin gwanjon intanet na eBay ke cire la'adarsa daga jimillar abin da mai saye ya biya har da kuɗin aikawa, domin toshe dabarar masu sa kaya a farashin banza su lafta kuɗin jigila. A mafi yawan nau'o'in kaya a Amurka la'adar ta ɗan haura kashi 13 cikin 100. A ce mai ɗauri ya karɓi 40 a hannunka, kai ma ka rubuta wa mai saye 40, kana ganin ba ci ba asara. Dandalin zai cire 5 da ɗoriya daga wannan 40 ɗin, abin da zai iso ka bai cika 35 ba. Kafin ka mayar da kuɗinka sai ka rubuta kusan 46, kuma kowane ƙari da ka yi yana rage tayi. Ka duba yadda dandalin da kake gwanjo a kai ke lissafa tasa la'adar.

Yanzu ga babbar maganar. Kamfanin jigila wuri yake sayar maka a cikin mota da cikin jirgi, kuma kwalin da ya cika wuri ya hana shi ɗaukar wani, ko da auduga ce a ciki. Don haka suna da awo biyu. Na farko sikeli. Na biyu su auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa, su ninka ukun, su raba da wata lamba da suka ƙayyade, abin da ya fito su kira shi nauyin girma. A jigilar ƙasa da ƙasa DHL da FedEx da UPS suna awo da santimita su raba da 5,000, amsar ta fito a kilo. A cikin Amurka da inci ake awo, masu asusu da UPS ko FedEx ana raba musu da 139, amsar ta fito a laba. Wanda ya fi yawa tsakanin sikeli da nauyin girma, shi za a caje ka. Da can ƙananan kwalaye da ake kaiwa ta mota sun tsira daga wannan, amma tun 2015 UPS da FedEx suka shimfiɗa shi a kan kowane kwali.

Ɗauki fitilar tebur ɗinka. Ita da kayan ɗaurinta kilo 4 ne a sikeli. Mai shago ya jawo kwalin da ke kusa da hannunsa, santimita 50 da 40 da 40. In ka ninka ka samu 80,000, ka raba da 5,000, kilo 16 ke nan. Kuɗin kilo 16 za ka biya a kan kaya mai kilo 4. Da a ce an kwance hular fitilar, an cire ƙarfen da ke riƙe ta, an sa a kwali mai 45 da 35 da 30, abin da zai fito kilo 9 da rabi ne. Santimita 5 nan, 10 can, sun sauke kilo 6 da rabi daga lissafinka, kuma fitilar ba ta rasa kariya ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, mai ɗauri ba shi da asara in kwali ya yi girma. Babban kwali ya fi masa sauƙin aiki, ya fi masa kwanciyar hankali, ya sayar da kayan cikawa da yawa, in kuma ta asusunsa ake aikawa yana da rabo a kuɗin jigilar. Ban ce mugunta yake yi ba. Amma in ba ka buɗe baki ka ce kana son mafi ƙanƙantar kwalin da zai tsare kayan ba, ba wanda zai yi maka wannan tunanin.

A kan wannan kuma akwai ƙare-ƙaren da ba a faɗa a bakin kanta sai ka gan su a takardar biya: ƙarin kuɗin mai da ke sauyawa mako-mako, ƙarin kai kaya gidan zama maimakon wurin kasuwanci, ƙarin wuri mai nisa, ƙarin lokacin cunkoso a ƙarshen shekara. A Amurka, kwalin da gefensa mafi tsawo ya wuce inci 48, wato kusan santimita 122, ana ɗora masa kuɗin ɗawainiya na musamman, wanda kuma tsawonsa da kewayensa a haɗe suka wuce inci 130 ya shiga sahun manyan kaya, kuɗinsa daban ne. Na'urorin da ke kan bel ɗin tantance kaya suna sake auna kowane kwali, kuma daga inda ya fi kumburi suke awo. Kwalin da aka danƙara har cikinsa ya turo zai iya jawo maka takardar cikon kuɗi bayan makonni, lokacin da mai saye ya daɗe da karɓar kayansa, ba kuma wanda za ka bi.

Farashin jigilar kansa ma iri biyu ne. Shagunan ɗauri galibi farashin kanta suke caji, wanda ake ba wa duk wanda ya shigo daga titi. Takardar aikawa da za ka saya ta dandalin gwanjon, ko ta dillalai irin su Pirate Ship da Shippo, tana zuwa da rangwamen 'yan kasuwa, kuma tazarar da ke tsakanin biyun sau da yawa ta fi ladan ɗaurin kansa. Saboda haka kada ka yarda da jimilla ɗaya. Ka ce su rarrabe maka uku: kuɗin kwali da kayan cikawa, ladan aiki, kuɗin jigila. Sannan ka shigar da awon kwalin nan a naka asusun ka ga nawa zai tsaya maka. Wasu shagunan za su yarda su ɗaure kawai ka manna taka takardar. Sai dai kafin ka yi murna da wannan arahar, ka ji maganar alhaki, don a nan ne zaɓin ke da wuya.

In kwali ya ɓata ko abin da ke ciki ya fashe, abin da UPS da FedEx suka ɗauka a wuyansu a Amurka bai wuce dala 100 ba, sai in ka bayyana darajar kayan ka biya ƙari a kanta. Mutane na kiran wannan inshora, amma su kamfanonin ba su kira shi haka ba. Iyakar abin da za a iya bin su ne kawai, in an tabbatar laifinsu ne, kuma in ɗaurin ya cika ƙa'idarsu. Hujjar da aka fi ƙin biyan diyya da ita ita ce ɗauri bai wadatar ba. Ga masu irin kayanka akwai wani shingen kuma: FedEx ya ƙayyade darajar da za a iya bayyanawa a kan kayan tarihi, zane-zane, kayan gilashi da kayan masu tara abubuwa a kan dala 1,000, ko nawa aka saye su. A jirgin sama tsakanin ƙasashe kuwa, Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 da nauyi take auna diyya, kuma iyakarta a yau dala 30 da 'yan kai ne a kowane kilo in ba a bayyana daraja ba. Ka tuna kyamararka mai tsada kilo ɗaya ce.

Wannan shi ne abin da ƙwararren mai ɗauri ke sayarwa da ba za ka iya yi wa kanka ba. Shagunan The UPS Store suna da alkawari a rubuce cewa in su suka ɗaure da sababbin kayan ɗaurinsu, aka kuma aika ta UPS daga wurinsu, kayan suka lalace ko suka ɓata, za a biya darajar kayan gwargwadon abin da aka bayyana, tare da kuɗin ɗauri da na jigila. FedEx Office ma yana da makamancinsa. Ma'anarsa hujjar nan ta rashin wadatar ɗauri ta faɗi, tunda su suka ɗaure. In ka kawo taka takardar aikawa daga waje, akasari ka fita daga inuwar wannan alkawarin. To ka ga ciniki: ka biya farashin kanta mai tsada ka sauke alhaki, ko ka biya mai rangwame ka riƙe alhakinka. A kan kayan da aka saya 30, riƙe alhakinka ya fi. A kan wanda aka saya 800 kuma mai fashewa ne, ni ban taɓa yin nadamar biyan tsadar ba. Ka kuma sani cewa shagunan The UPS Store, waɗanda asalinsu Mail Boxes Etc. ne kafin UPS ya saye kamfanin a 2001 ya sauya musu suna a 2003, kowanne da mai shi. Suna ɗaya ne a allo, amma farashi da gwanintar hannu sun bambanta daga wannan zuwa wancan.

Bari in ba ka labarin abin da ya koya mini wannan. Na taɓa sayar da wani tsohon agogon bango mai gidan katako da ƙofar gilashi, irin mai ƙarfen lilo. Tayi ya yi kyau fiye da yadda na zata. Ina cikin sauri, na kai shi wani shagon ɗauri na ajiye a kan kanta, na biya, na karɓi rasit na tafi. Ban ce a cire ƙarfen lilon ba, su ma ba su tambaya ba. Bayan kwana 6 mai saye ya turo hotuna. Kwalin lafiya lau, ko lotsawa bai yi ba. A ciki kuwa ƙarfen ya yi ta dukan gilashin har ya tarwatsa shi, ya karce fuskar agogon, ya lanƙwasa maƙalinsa. Kumfar cikawa duk ta gangara gefe guda, agogon ya kwanta a jikin bangon kwali. Da na koma shagon sai na tarar da abu biyu da ban sani ba. Na farko, ba a bayyana darajar agogon ba, don ba wanda ya tambaye ni kuma ban faɗa ba. Na biyu, a takardun kamfanin jigila sunan shagon ne a matsayin mai aikawa, don haka ni ba ni da bakin neman diyya sai ta hannunsu, kuma in an biya su za a biya. Na mayar wa mai saye kuɗinsa cif a makon, abin da na samu bayan wata biyu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin agogon ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne agogon ya fi ni shekaru yana aiki, ya zo ya mutu a hannuna saboda aikin minti biyu.

Ka lura da tazarar lokacin nan, don tana da muhimmanci ga jarinka. A eBay mai saye na da kwana 30 bayan isar kaya ya kai ƙara cewa ba yadda aka kwatanta suka zo ba, kuma fashewa a hanya ta shiga ciki. Kai za ka mayar da kuɗin duka har da na aikawa, in kana son kayan su dawo kai za ka biya dawowarsu. Dandalin bai san mai ɗaurinka ba, kai ya sani. Ita kuwa diyya tafiyar hawainiya take, kuma tana buƙatar hotunan kwalin ciki da waje, da mai saye ya adana kwalin da duk abin da ke ciki har a zo dubawa. Da zarar an ce maka abu ya fashe, saƙonka na farko ya zama roƙon kada a zubar da komai. In cinikin ya kai dala 750 ko fiye, eBay na buƙatar sa hannun mai karɓa kafin ya kare ka daga ƙarar cewa kaya ba su iso ba. Kai za ka tuna wa mai shago wannan, shi ba ruwansa da dokokin dandalinka.

Ta yaya za ka gane na ƙwarai? Ka kai masa abu ɗaya ka tsaya ka kalla. Wanda na fi yarda da shi a duk waɗanda na yi hulɗa da su, butar shayi ta tangaran na fara kai masa. Bai taɓa kwali ba sai da ya juya ta a hannunsa, ya ɗaga ta ga haske, ya nuna mini wani siririn tsagu a gindin mariƙin da ni ban gani ba, ya ce in ɗauki hotonsa kafin a rufe. Ya cire murfin ya naɗe shi daban. Ya cusa takarda mai laushi a cikin butar, ya naɗe bakinta da mariƙinta su kaɗai har suka daina fitowa kamar ƙaho, sannan ya naɗe ta gaba ɗaya da leda mai kumfar iska, kumfar na kallon ciki. Ya sa ta a ƙaramin kwali, ya toshe kowane gurbi, ya rufe, ya kai kunnensa ya girgiza. Shiru. Sai ya sa wannan kwalin a cikin wani, da tazarar santimita 5 ta kowace fuska har da ƙasa da sama, ya liƙe tsakiya da gefuna biyu da salatif mai faɗi, sama da ƙasa. Daga ƙarshe ya jawo tef ya auna, ya ga kwalin wajen ya yi tsayi da yawa, ya tsaga kusurwoyinsa ya rage shi. Wannan ragin na ƙarshe shi ya sa na zauna da shi. Ma'aunin da masu wannan aiki ke tunawa da shi shi ne gwajin ISTA, ƙungiyar da ke tsara gwajin ƙarfin ɗaurin kaya, inda ake sakin kwali mara nauyi daga tsayin santimita 76 har sau 10: a kan kusurwa ɗaya, gefuna uku da fuskoki shida. Rubutun "mai fashewa ne" a jikin kwali ba ya hana bel da injin yin aikinsu. In ba za ka iya sakin kwalin daga tsayin ƙugunka hankalinka kwance ba, ba a gama ɗauri ba, ko wa ya yi shi.

Maganar kamfani mai sito ba za ta ɗauke mu lokaci ba, don ban ga ta dace da kai ba. An gina wannan tsarin ne, irin wanda Amazon ya buɗe wa 'yan kasuwa a 2006, domin mai abu iri ɗaya guda dubu, wanda ma'aikaci zai ɗauko daga kanta ya jefa a kwalin da aka riga aka san girmansa. Kuɗinsu kashi-kashi ne: na karɓar kaya, na ajiya duk wata, na ɗauko kowane abu da ɗaure shi, na kayan ɗauri, na karɓar abin da aka dawo da shi, na kwashe kayanka ranar rabuwa, da mafi ƙarancin abin da za ka biya a wata ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Da kaya 40 a wata, wannan na ƙarshen kaɗai zai iya cinye ribarka. Kayanka kuma kowanne tilo ne. In mai tayi ya ce ka ɗauko masa hoton ƙasan kofin ya ga tambarin maƙera, kofin na can wani gari. In aka yi musayar kwali biyu, ba wani a kanta da za a maye da shi. An ma taɓa gwada abin da ya fi wannan: tsakanin 2003 da 2005 shagunan karɓar kaya a sayar wa mutum a eBay, irin su iSold It da AuctionDrop, sun bazu a Amurka, suna ɗaukar hoto, su yi gwanjo, su ɗaure, su aika, su cire kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ko fiye. Cikin 'yan shekaru mafi yawansu suka rufe. Ɗawainiyar kayan da ba su da na biyu tana da yawa, kuma ba ta raguwa don kaya sun ƙaru.

Inda na ga sa wani a tsakani yana biyan kansa ba tare da gardama ba shi ne aikawa ƙasashen waje. Dokokin sun yi ta sauyawa. Ingila ta sauya tsarin harajin ƙananan kaya a farkon 2021 da iyakar fam 135. Tarayyar Turai ta soke yafiyar haraji ga kayan da ba su kai yuro 22 ba daga 1 ga Yuli, 2021. Jamus na buƙatar mai aika kaya ya yi rajistar kwalayensa da ledojinsa a rajistar LUCID, kuma tun Yulin 2022 dandalin ciniki ke da alhakin dubawa. Amurka ta dakatar da yafiyar kwastam ga kayan ƙasa da dala 800 a ƙarshen Agustan 2025. Ga lambar rukunin kaya da kwastam ke nema, ga tsohuwar kyamara mai batirin lithiyam da ke da nata sharuɗɗan a jirgi, ga kayan tarihi masu ɗan hauren giwa da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, ta tsaurara fitar da su. Ga masu sayarwa daga Amurka, tsarin eBay International Shipping, wanda ya gaji tsohon shirinsu a 2023, yana karɓar kaya a cibiyarsa ta cikin gida, daga nan takardun kwastam da ɓata da fashewa su koma wuyansa. Ɗaurin farko dai naka ne, kuma mai saye yakan biya fiye, wanda zai iya rage tayi kaɗan. Duk da haka, ga mai kaya 40 a wata, ya fi zama masanin kwastam na ƙasa 20.

Kada ka manta da lokaci. In ka rubuta za ka aika cikin kwana 2, abin da dandalin ke dubawa shi ne lokacin da kamfanin jigila ya fara karanta lambar bin sawu. Ajiye kaya a kan kantar mai ɗauri ba ya cikin lissafi. Ka tambaye shi kwana nawa kaya ke yi a wurinsa, musamman a watan Disamba, ka ƙara wannan a wa'adin da kake rubutawa.

Ga yadda za ka yi lissafin. Wata guda cur, ka ajiye littafi kusa da teburin ɗaurinka. Kowane kaya ka rubuta minti nawa ya ci tun daga neman kwali har liƙe takarda, kuɗin kayan ɗaurin da ya ci, awon kwalin, kuɗin jigila, da abin da aka saye shi. Ka haɗa da lokacin zuwa wurin aikawa da dawowa. Sannan ka sa wa awarka kuɗi na gaskiya, wato abin da za ka samu da ka yi ta wajen nemo kaya da ɗaukar hoto da rubuta bayani, tunda nan ne ribar mai gwanjo take. In awar da ka kuɓutar ba za ta koma ciniki ba, to hutu kake saye, kuma hutu abin saye ne, amma ka san shi kake saye. Ka kuma waiwayi shekarar da ta wuce ka ƙirga abin da ya fashe a ɗaurinka da abin da ya ci maka. Ina kyautata zaton za ka ga abin da na gani a nawa littafin: kashi mafi yawa na kayan minti 5 zuwa 10 suke ci, wasu 'yan ƙalilan kuma su ke cinye dare, su ne kuma ke fashewa.

Da ni ne kai, faya-fayen garmaho ba za su bar hannuna ba. Kwalinsu na musamman ne mai girma ɗaya, ana sayen sa da yawa, ka fitar da faifan daga rigarsa don kada ya tsaga bakinta, ka sa kwali mai tauri gaba da baya, ka gama cikin minti 5. Kyamarori ma haka, da kwali iri biyu ko uku da ka tanada. Ƙananan kayan tangaran ka koyi kwali cikin kwali, ka ware yini biyu a mako ka ɗaure su a jere, ka kuma nemi a riƙa zuwa ɗauka daga gida in akwai wannan a inda kake. Fitilu manya, agogon bango, jerin kwanukan tangaran masu yawa, madubi, da duk abin da asararsa za ta girgiza jarinka, waɗannan ka kai wa gwani, ka bayyana darajarsu, ka karɓi alkawarinsa a rubuce. In abu ya kai girman kujera ko kabad, ya fita daga sahun kwali, sai masu akwatin katako da motar ɗaukar kaya, ko ka rubuta cewa mai saye ya zo ya ɗauka.

Kuma waɗannan manyan, ka kai su a auna tun kafin ka buɗe gwanjo, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ɗauki hotunanka, ka kai wa mai ɗauri kayan ko awonsu, ya ba ka girman kwali da nauyi da kuɗinsa a rubuce. Ka shigar da wannan awon a dandalin domin ya lissafa wa kowane mai tayi kuɗin jigila gwargwadon nisansa, ka ɗora ladan ɗauri da la'adar da za a cire a kai. In ka haɗa duka ka ga ya kai rabin abin da kake sa ran kayan za su yi, ka ɗaga farashin buɗewa, ko ka haɗa shi da wasu kayan a sayar tare, ko ka nemi mai saye na kusa da zai zo da ƙafarsa. A bayanin kayan kuma ka rubuta cewa ƙwararru ne za su ɗaure shi kwali cikin kwali da cikakkiyar daraja a bayyane, don masu tara irin waɗannan kaya sun sha karɓar tarkace, kuma sukan ƙara tayi in sun ga haka.